Filin Girke-Girke: Jatan Lande Mai Sanyi Irin Na Mutanen Sin

Yau filin namu ya nufi lardin Guangdong na kudancin ƙasar Sin, inda birnin Kanton yake. Mutanen wannan lardi sun shahara da dafa jatan lande a ruwa zalla, su ci da zafinsa, ko kuwa a sanyaya shi a sa cikin 'yan abubuwan taɓawa da Sinawa kan buɗe walima da su.

Asirin girkin ɗaya ne: ba yaji ko miyar da za ta rufa wa jatan lande asiri in ya kwana biyu. Saboda haka a kasuwa aikin yake farawa. Mazauna Legas, Fatakwal da Kalaba sun san ɗanyensa, wanda ya bambanta da busasshen da ake dakawa a miya. A zaɓi mai tauri, mai sheƙi, wanda kansa bai saki ba. In yana wari mai hawa hanci, a bar wa mai shi kayansa, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A wanke rabin kilo, a zare baƙin zaren da ke bayansa da tsinke, amma a bar ɓawon. A tafasa ruwa lita 2 da citta ɗanya yanka 4, da ganyen albasa, da gishiri cokali 1. Wasu Sinawa kan ƙara giyar shinkafa don kashe ƙarni, amma citta ta wadatar. Ruwa na tafasa sai a zuba jatan lande, a ba shi minti 2 zuwa 3 kacal. Da zarar ya yi ja ya ɗan lanƙwashe, ya nuna. In ya naɗe kamar zobe, an makara, namansa ya zama roba. Nan take a tsame shi a jefa cikin ruwan ƙanƙara na minti 5, saboda zafin da ke jikinsa kan ci gaba da dafa shi.

Sai abin dangwalawa. A haɗa ruwan waken soya cokali 3, da binega cokali 1, da man riɗi ƙaramin cokali 1. Baƙin binegar shinkafa na garin Zhenjiang shi ne ya fi suna. A yanka citta, tafarnuwa, barkono da ganyen albasa ƙanana, a kwarara musu man gyaɗa mai zafi cokali 1 don ƙamshinsu ya tashi, sa'an nan a gauraya duka. Kowa ya ɓare nasa, ya dangwala.

Gargaɗi na ƙarshe: ya zauna a firji har sai baƙi sun hallara. Kada ya wuce awa 2 a waje, in kuwa ana tsananin zafi, awa 1. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande kada ya ko ɗanɗana. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.