Ɗan Kasuwa, Daina Ɓoye Farashi

Makon jiya wani tsohon ɗalibina mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya kawo mini kuka: mabiya sun cika shafinsa na Instagram, amma ciniki shiru. Da na duba, sai na tarar da hotuna gwanin sha'awa, ƙarƙashin kowanne kuwa an rubuta cewa mai son jin farashi ya turo saƙo a keɓe.

A nan gizo ke saƙar. A kasuwa, mai saye yakan taɓa yadi, ya ɗaga shi a haske, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara. A waya kuwa, hoto da kalmarka kaɗai ya dogara da su. Muddin ka ɓoye kuɗin, zai zaci kowa da farashin da ake yanka masa, ko ya ji nauyin tambayar abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, ya yi gaba abinsa.

Na shawarce shi da ya riƙa bayyana farashi, yawan yadi, lambar shago da kuɗin aike, ya ɗauki hoto da hasken rana ba tare da gyara launi ba. Matar da aka aika wa ainihin abin da ta gani, ita za ta kawo maka ƙawayenta.