Kofin Roba Ne Ya Tsone Musu Ido

Wai har majalisar dokoki ta samu lokacin kofin roba na yara! Sanatocin North Carolina da suka kawo ƙudirin hana ba yaro kofi don kawai ya buga wasa, a 2023, sawun James Harrison suka bi, ɗan wasan Pittsburgh Steelers da ya ce a 2015 zai mayar da kofunan 'ya'yansa biyu, wai ba guminsu ba ne. Tun daga nan kowane mai baki ya zama malamin tarbiyya: kofi na sangarta yaro, a ba gwani kaɗai.

To, wane ne gwanin? Leƙa bikin rufe kakar wasa na yara masu buga lakros, wasan ƙwallo da sanda, a Amurka ko Kanada. Iyaye sun cika ɗaki, koci ya miƙe da takarda a hannu, ya yi gyaran murya. Babban kofi na wanda ya fi jefa ƙwallo a raga ne, kowa ya sani tun kafin a zo. Mai tsaron raga fa, da ya kwashe kaka yana tare ƙwallon roba mai tauri da cinya da ƙwauri, jiki duk kumburi? Yaron da ke kutsawa cikin turmutsitsi, sanduna na sauka a hannunsa, ya kwaso ƙwallon daga ƙasa ya miƙa gaba? A tafa musu, a ce sun fi kowa ladabi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma gwanin nan, sau da yawa uban ne ya iya biyan kuɗin hular kwano da safar hannu da kocin musamman da tafiye-tafiyen gasa. Wannan gumin na aljihu ne.

Masu cewa a ba gwani kaɗai za su ce ai rayuwa ba ta raba kofi kyauta. Sannunku da falsafa. Ɗan shekara tara ya san wanda ya ci shi, allon maki na gabansa.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu kirarin cancanta ba su da bakin magana a wannan wasa. 'Yan asalin Amurka da Kanada, irin su Haudenosaunee, su suka gaji lakros kaka da kakanni, suna buga shi don Mahalicci da neman waraka. A 2010 Birtaniya ta ƙi karɓar fasfon 'yan wasan Haudenosaunee, aka yi gasar duniya a Manchester babu su. Suka zo na uku a 2014 da 2018 da 2023. Sai da Ayalan ta janye da kanta kafin suka samu gurbi a wasannin duniya na 2022 a Birmingham ta Alabama. Lakros zai koma Olamfik a Los Angeles a 2028, aka kafa musu hujjar cewa ba su da kwamitin Olamfik na ƙasa, su je su nemi rigar Amurka ko ta Kanada. Tagulla uku a jere, har yanzu ana tambayar takardunsu.