Na'urar da ba ta taɓa zuwa Ɗan Issa ba

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025, Faransanci ya koma harshen aiki, sai ga wasu masu ɗoki suna shelar cewa wahalar rubuta littattafan makaranta ta ƙare: a zuba Faransanci cikin ChatGPT ko Google Translate, Hausa ta fito. Malamai, ku yi hattara da wannan zance.

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba ya jin harshe. Kalmomi yake jerawa bisa abin da ya tsinta a intanet. To, wa ya cika intanet da Hausa? Jaridun Najeriya da gidajen rediyon ƙetare. Hausa ce mai kyau, ba mu musa ba. Amma yaron Ɗan Issa lakwal yake zuwa, sefa yake ƙirgawa, ƴ ake koya masa inda Kano ke rubuta 'y. Sau da yawa na'urar kan shafe wannan duka, a ce gyara ta yi. Wani lokaci har lanƙwasar ƙ take yarwa, baƙi su koma baki. Kuma idan ta ci karo da "fari", launi ne ko rashin ruwan sama? Karin sauti ne ke raba su, rubutunmu kuwa ba ya nuna shi.

Sannan da wace wuta za a kunna ta? A Agustan 2023 Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar mana, aka ci gaba da darasi da alli da allo.

Kuɗin da za a kashe wa na'ura, a biya malaman Madarunfa da Maradi su rubuta littattafan da hannunsu.