Zauren Iyali: Ɗanmu da Shagon Bayahude

 

Wata baiwar Allah daga Mai Wurno, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu, ta kawo mini kuka. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tarwatsa 'ya'yanta, ɗaya ya faɗa Amurka. A unguwar da ya sauka babu mahauci Musulmi kusa, sai shagon abincin wani Bayahude, kuma a nan yake cin nama. Da labari ya iso gida, mahaifinsa ya fusata, ya daina ɗaukar wayarsa. Ta ce: "Malam, yaron nan ya bar hanya ke nan?"

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, malaman tafsiri kuwa sun ce yankansu ake nufi. Bayahude mai riƙo da addininsa ba ya cin alade, ba ya cin mushe, ba ya cin jini. Mahaucinsu sai ya yi karatu kafin a ba shi izini. Da wuƙa mai kaifi marar giɓi yake yanke maƙogwaro, sannan a jiƙa naman, a barbaɗe shi da gishiri don ya tsotse jinin. Wannan suke kira kosha. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, kitsen yankansu kawai ta karhanta, kuma ba ta kai shi ga haram ba.

Naman da irin waɗannan shaguna suka yi suna da shi, fastirami, na sa ne. Yakan kwana da kwanaki a ruwan gishiri, a shafe shi da masoro, a kyafe, a turara, a yanka siri-siri a cusa cikin burodi. Wanda ya tashi da agashe da kilishi ba zai ji shi baƙo ba.

Sai dai yaro ya kiyaye abu biyu. Na farko, ba kowane shagon Bayahude ne kosha ba. Wasu salon girkin kawai suka riƙe. Ya nemi takardar shaidar malamansu, wadda akan manna a ƙofa. In ya ga an haɗa nama da cuku, to ba kosha ba ne, domin addininsu ya hana haɗa nama da madara. Na biyu, giya ba haram ba ce a wurinsu, don haka ya tambayi abin da aka zuba a miya.

Kai kuma Alhaji, wannan maƙwabtaka ba yau aka fara ta ba. A 1906, lokacin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ke neman matsuguni bayan yaƙin Burmi na 1903, malamin Yahudawa Sulaiman Malka ya iso Omdurman. 'Yan kasuwarsu sun zauna har a Wad Madani kafin su ƙaura bayan 1956 da 1967. Manzon Allah (SAW) kansa ya rasu sulkensa na jingine a hannun Bayahude, a kan sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Ɓacin ran da muke yi kan Gaza yana nan, amma laifin wata gwamnati ba ya haramta yankan da Allah ya halatta.

Yaron da ya tsallake shagunan alade ya nemi inda ake yanka, tarbiyyarka ce ke aiki. Yanke zumunci kuwa babu saɓani a kan haramcinsa. Ka ɗauki wayar nan, Alhaji.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya haɗa fuskokin iyalai. Sai fitowa ta gaba.