Kada mu narkar da tsohuwar Landiroba mu yi tukunya



A Ingila akwai gidajen da mota guda ke ratsa kaka, uba da jika. Ƙananan motoci ne na gudu irin su MGB, wadda anka ƙera daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan. Shekara takwas bayan an daina ta, a 1988, sai anka koma buga sabon gangar jikinta da injinan asali, don masu ita sun ƙi yarda ta mutu.

Mu nan ba mu san MGB ba, ko ta zo rairayi zai haɗiye ta kafin ta kai gari na gaba. Motar Ingila da munka sani ita ce Landiroba. Ita ke shiga inda kwalta ba ta kai ba, ta kwaso gero da wake ranar kasuwa, ta kai mai naƙuda Maradi cikin damina. An fara ta a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙin duniya, shi ya sa anka yi jikinta da alminiyom wanda ba ya tsatsa. Yau wannan alminiyom ɗin ne ke jawo mata mutuwa: mai gida ya rasu, magada su kira 'yan gwangwan, a auna ta a kilo, ta ƙare a tukunyar tuwo.

Za ku ce Bature don nishaɗi yake yi, mu kuwa abinci muke nema, kuma tsohuwar mota akwai shan mai. Gaskiya ne. Amma ku tuna lokacin da anka rufe iyaka da Najeriya, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Wanda piyes ɗin motarsa sai an zo da shi daga Kano ko Katsina ya ji jiki. Tsohon inji kuwa, mekanisiyan da ya san shi, da kilai da guduma yake tada shi, abin da ya karye a kai wa mai walda. Motar yanzu mai kwamfuta in ta tsaya a daji, sai ja. Kuma tun Janairun 2016 kamfanin ya daina ƙera tsohon samfurin Defender. Duk wadda munka narkar ta tafi kenan.

Abin da ya fi damunmu ma hannun da ke gyaran ne. Tsofaffin gwanaye suna ta tafiya, samari duk sun koma gyaran babur. Ba laifi ba ne, babur ke ciyar da su. Amma yaron da ya buɗe injin Landiroba ya mayar da shi ya tashi, injin niƙa ko na ban ruwa ba zai ba shi tsoro ba.

Don haka roƙonmu ga magada: kafin ku kira mai sikeli, ku kira mekanisiyan ya duba. In ba ta tashi, a saida ta ga mai irinta, matacciya guda tana iya raya uku. Magadan gari kuma su sayi ko guda su aje a cibiyoyin koyon sana'a na CFM, a ɗauko dattijon gareji ya riƙa koyar da yara, a biya shi haƙƙinsa tun yana da ƙarfi.

Allah ya sa mu gane, ya jiƙan magabatanmu. Amin.