RA'AYINMU: A KAWO LANTARKI, AMMA A BAR MANA BURGU

Yau maganarmu a kan madatsar ruwa ta Kandaji ce, wadda aka ɗora harsashinta a 2008 a bisa kogin Isa, cikin jihar Tilaberi, kusa da Ayoru. An ce idan ta kammala za ta ba da lantarki megawat 130. Aikin ya sha tsayawa, amma wanda ya jira sai ruwa ya zo kafin ya ɗaure kayansa, ya makara.

Mu ba abokan gabar lantarki ba ne. Wutar ruwa da ta rana ba su cin gazuwal, ba su tada hayaƙi. Kuma manyanmu ba su manta da 1985 ba, shekarar da kogi ya yanke a Yamai. Madatsar da za ta riƙe ruwa ta sako shi da rani alheri ce. To amma kowane allazi da nasa amanu.

Abin da muke tsoro shi ne burgu. Kowane makiyayi ya san halinsa. Idan kogi ya fara cikowa, burgu yana bin ruwa yana tsawo. Idan ruwa ya janye, shanu su shiga su ci, su tattake karansa cikin laka, kowace gaɓa ta yi saiwa, baɗi ya sake fitowa. Wato rayuwarsa cikowa da janyewa ce. Inda tafki ya nutsar da shi duk shekara zai ruɓe, inda ruwa ya daina kaiwa kuma zai bushe.

Ba shanu kaɗai ke rayuwa a kansa ba. Cikinsa ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma. Shi ne abincin dorina da ayu. Dinya da kirinjijiya da balbela duk nan suke kiwo. Idan ya ragu, dorina za ta faɗa gonar shinkafa, ta yi faɗa da shanu a mashaya. Ayoru ta ga wannan a 2017, lokacin da mutane suka kashe dorina da dama saboda ɓarna. A shekarar ce gwamnati ta keɓe gandun daji na Kandaji da mafakar dorina. Madalla, sai dai dorina ba ta cin takarda.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A arewacin Kamaru an gina madatsar Maga a 1979, don noman shinkafa. Ruwan Logon ya daina malala a fadamar Waza, ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, namun daji da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, sai ga ciyawa da tsuntsaye da garkuna sun fara dawowa. Ashe gyara yana yiwuwa, amma riga-kafi ya fi magani.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a rubuta cikin ƙa'idar tafiyar da madatsar cewa kowace shekara za a saki ruwa a lokacin cikowa, gwargwadon da zai kai ga burgun da ke ƙasa. Na biyu, a dasa burgu a gefen tafkin, inda ruwa zai riƙa hawa da sauka. Mutanen Mali sun daɗe suna dasa karansa, yana kuma kamawa. Na uku, a shata burtali da mashaya kafin a raba filayen noman rani. Na huɗu, a riƙa ƙirga dorina da kifi da tsuntsaye kafin a cika tafki da bayan an cika, tare da makiyaya da masunta, don mu ke kwana a bakin ruwan.

Haka nan maganar tashoshin hasken rana, irin ta Malbaza ta 2018 da ta Goru Banda ta 2023. Duk wadda za a ƙara, a zaɓa mata faƙo, kada a sare gawo da aduwa, kada waya ta tare burtali.

Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi na yawo da na kai dabba ga ruwa. Saura namu. Duk ranar da aka kira taron hukumar filaye, kada ardo ya aika uzuri. Ku kuma dillalai ku sani, saniyar da ba ta ci burgu da rani ba, ƙashi za ta kawo muku kasuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.