Sanarwar Bayan Taron Masu Shagunan Buga Takardu da Gyaran Kwamfuta na Gangara

Mu masu shagunan buga takardu da masu gyaran waya da kwamfuta na Gangara, cikin gundumar Tanut ta jihar Damagaram, tare da wasu malaman makaranta da abokan sana'a daga Tanut da Belbeji, mun zauna ranar Asabar da ta gabata kan kwamfutoci masu arhar gaske da suka fara yawa a yankinmu na Damargu, da asarar da suke jawo wa jama'a.

Taron ya lura cewa ana sayar da iri biyu. Akwai sababbi fil a kwali, masu sunan da ba wanda ya sani, akwai kuma na gwanjo da ke biyowa ta Kwatano ko Kano. Sababbin ne suka fi damun mahalarta. Wani mai gyara ya kwance ɗaya a gaban kowa: ma'ajiyarta gigabait 32 ce kacal, an kuma liƙe ta da dalma a jikin allon na'urar, ba ta ciruwa balle a sauya. Windows kaɗai ya kusan cinye wurin. Ranar da allon ya ƙone, duk abin da ke ciki ya tafi ke nan. Wani malami ya shaida cewa haka ya rasa sakamakon jarabawar ɗalibansa, sai da ya koma kan takardu ya sake lissafi da hannu. Arha dai ba ta ado.

Yanayinmu ma ba ya raga wa waɗannan na'urori. Zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, batir ya kumbura har ya ɗaga madannai. Ga caja ta jabu da ake jona wa wutar sola ko janareta ba tare da abin daidaita wuta ba. In kwamfuta ta lalace kuwa, kayan gyara sai Damagaram, wani lokaci sai Kano, kuɗin mota kaɗai ya ci rangwamen da aka samu.

An kuma tunatar da mahalarta cewa kamfanin Microsoft ya daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na bukatar ma'ajiya ta gigabait 64 aƙalla. Tsofaffin kwamfutoci da dama ba za su ɗauke shi ba.

Saboda haka taron ya yanke cewa daga yau babu ɗayanmu da zai sayar da kwamfuta bai kunna ta gaban mai saye ba, a cire caja a ga ƙarfin batir, a kuma rubuta rasit mai ɗauke da lambar na'ura da wa'adin mayarwa. Ra'ayin mafi yawanmu shi ne tsohuwar kwamfutar ofis da ake iya sauya mata batir da ma'ajiya ta fi sabuwa marar asali. Matattun batura kuma a kawo shagunanmu, kada a jefa a bola inda yara da dabbobi ke yawo.

Muna roƙon magajin gari da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin agaji su nemi mai gyara ya duba kaya kafin a biya kuɗi. Iyaye da ɗalibai, ku zo da duk kwamfutar da kuke shirin saye, za mu duba muku kyauta.

Sa hannu:
Shugaban taro
Magatakarda